Sanda Mai Ƙusa Biyu

A ƙauyenmu babu wanda bai san bindigar tsoho Tatsuji ba, amma in ka cire maƙerin da ke gyara ta da ɗan sandan da ke duba ta shekara-shekara, babu wanda ya taɓa ɗaga ta ya ji nauyinta. Haka abin yake a wurinmu. Bindiga ta wanda sunansa ke kan izini ce shi kaɗai, ko ɗan cikinsa ya kai mata hannu an karya doka, kuma ba a wasa da wannan. Saboda haka da ido muka san ta, kamar yadda aka san wata a sama.

Mai baki biyu ce, bututun nan kwance kafaɗa da kafaɗa, ba irin ta yanzu ba da ɗaya ke goye da ɗaya. Wani maƙeri a birnin Kochi ne ya ƙera masa ita tun yana saurayi, bayan ya auna tsawon hannunsa da faɗin kafaɗarsa kamar tela. Ƙotarta miƙaƙƙiya ce, siririya a wuya, katakon ya yi duhu yana sheƙi kamar zumar da ta daɗe a kwalba. A jikin ƙarfen an zana ƙananan ganyaye masu nannaɗe juna, sai ka sunkuyo kake ganinsu. Inda tafin hannu ke riƙewa kuwa baƙin ya goge, ya koma fari tas. Kunamarta biyu. Ta gaba ta bakin dama ce, mai watsa harsashi da faɗi saboda abin da ke kusa. Ta baya ta bakin hagu ce, mai tara shi wuri ɗaya ya kai nesa.

Jikarsa Chizuru tun tana 'yar ƙarama take zama a gabansa in yana goge ta da mai, ta danne hannayenta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta, don an gaya mata haka ake kallon bindiga. Ta girma, ta tafi Osaka ta yi shekaru a ofis, sannan ta dawo ta karɓi gonar lemun yuzu ta gidansu. Barewa da aladen daji suka hana ta sakat, sai ta nemi lasisi, ta sayi bindiga mai goyo, mai kunama ɗaya, mai nauyi kamar taɓarya. A filin gwaji, inda ake cilla faifan yumɓu sama a harba, ta fi yawancin mazan ƙungiyar maharba. Amma duk wanda ya ga idonta in tsohon ya fito da tasa ya san inda zuciyarta take.

Ni maƙwabcinsu ne. Tarko nake ɗanawa, ba ni da izinin bindiga, amma ina da ƙaramar a-kori-kura, shi ya sa yawancin abin da ya faru a gabana ya faru.

Bara, wajen lokacin tsinkar yuzu, gwiwoyin Tatsuji suka ƙi, idonsa na hagu kuma ya fara hazo. Da lokacin sabunta izininsa ya zo sai ya ce ya isa haka. Bindigar wanda ya ajiye izini kuwa hanyarta biyu ce: ko a miƙa wa hukuma a yayyanka ta, ko ta koma hannun wani mai izini. Nakahira mai shagon bindigogi ya ce yana da mutum a Tokyo, wani mai tara tsoffin bindigogi, da ya dame shi da waya a kanta. Zai ajiye ta a kabad ɗin ƙarfe, ya fitar da ita filin gwaji sau ɗaya a shekara don kada hukuma ta ce ba a aiki da ita ta karɓe. Tatsuji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ba don kabad aka ƙera ta ba, don kwazazzabo aka ƙera ta, kuma abin da yake so ta ci gaba da shiga kwarurukan da ta sani, a hannun jininsa.

Chizuru ba ta jira an maimaita ba. Ta kai tata wurin Nakahira ta ajiye, ta nemi izinin ta kakanta, aka shiga bin maƙwabta ana tambayar halinta. Ni ma an tambaye ni. Na ce ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai in biri ya shiga gona.

Ranar da izinin ya fito ni na kai su shagon. Tun a mota ta kasa zama wuri ɗaya, tana magana a kan hanya, a kan ruwan sama, a kan farashin taki, tsohon yana kallon taga. Nakahira ya shimfiɗa ƙyalle a kan tebur. Tatsuji ya haɗa bindigar da kansa, ya shafa ta sau ɗaya daga baki zuwa gindi, ya ajiye. Nakahira ya duba lamba, ya juya ta wajen Chizuru. Ta goge tafinta a wando, ta ja numfashi, ta ɗauka da ƙarfin da ta saba ɗaukar tata. Bindigar ta yi sama kamar za ta tsere mata, saura kaɗan bakinta ya doki fitila.

"Kaka, ai babu komai a cikinta," ta ce, tana dariya idonta ya cika da hawaye.

"Kilo uku ma ba ta kai ba," in ji shi. "Bari ki wuni kina hawan dutse da ita, za ki gode wa wanda ya ƙera ta."

Ta kai ta kafaɗa, ta sauke, ta sake kaiwa, ta ce kamar bindigar ce ke neman kafaɗar da kanta. Nakahira ya zagaya ta yana dubawa, ya ce tsayinsu ɗaya da tsohon, hannunsu ɗaya, babu abin da za a gyara. Muna cikin wannan murna na lura Tatsuji ya mai da hannayensa biyu baya ya harɗe su. Daga wannan lokacin shi ne wanda ba shi da ikon taɓa ta.

Farauta ta buɗe a tsakiyar Nuwamba. A wurinmu in an ce wane maharbi ne, ba kashe alade ake nufi ba, sauko da yamadori ake nufi. Tsuntsu ne kamar zakara, launin jan ƙarfe, jelar namijin ta kai tsawon hannun mutum, yana zama can ƙuryar kwazazzabai masu duhu inda ƙorama ke fitowa. Maharbi ya tsaya a ƙasa, kare ya hau da ƙararrawa a wuya. In ya tashe shi, tsuntsun ya buga fiffike sau kaɗan, ya naɗe su, ya gangaro bin ƙorama tsakanin itatuwa kamar dutsen majajjawa. Kafin ka ce me, ya wuce kanka. Saboda irin wannan aiki aka yi bindigar Tatsuji: mara nauyi, mai saurin hawa kafaɗa, mai faɗin baya da ido ke kamawa ko a cikin duhun itatuwa.

Chizuru ta riƙa fita da Tetsu, tsohon karen kakanta, kusan kowace safiya. Tsuntsaye sun gangaro mata, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sai dai kullum labarin ɗaya ne. Harbi na farko ya tashi ya kuskure, na biyu ba ya tashi. Yatsanta ya saba da kunama ɗaya da ake ja sau biyu, sai ta sake matsa ta gaba wadda ta riga ta faɗi, tsuntsu ya ɓace, bakin hagu yana nan da harsashinsa. Ta san matsalar sarai. A gida ta gaya wa kanta, a hanya ta gaya wa kanta, amma da fiffike ya yi ƙara sai yatsa ya manta.

Shugaban ƙungiyar maharba, Kamioka, a bayan Tatsuji ya koyi daji, kuma bakinsa bai taɓa hutawa ba. A rumfar ƙungiya, inda ake feɗe alade ranar Lahadi, ya sa ta gaba.

"Chizu-chan, wai baki biyu aka ce tana da shi, ko ɗayan na ado ne?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Mako ya zagayo ya ce harsashin nan na hagu ya hau dutse ya sauko har ya san hanyar gida, ya kamata a yi masa rajista a ƙungiya ya riƙa biyan kuɗin shekara. Wani makon ya ce irin wannan bindiga bangon gidan tarihi ta dace da shi, kusa da tsohuwar garma, ta koma ta ɗauko taɓaryarta da ta san hannunta. Ta yi ta haɗiyewa. Amma bayan sabuwar shekara, wata Lahadi da ta sauko a jiƙe, tsuntsu ya wuce ta kusa har ta ji iskarsa a fuska, Kamioka ya sake buɗe baki, sai ta ajiye wuƙar fiɗa a kan katako.

"To, ku shaida, Kamioka-san. In farauta ta rufe ban sauko da yamadori da ita ba, zan mayar wa Nakahira-san, mutumin Tokyo ya ɗauka. Ba zan riƙe bindigar da ta fi ƙarfina ba."

Kamioka ya tsaya kamar wanda ya jefi mangwaro ya fasa tulu. Ya yi ƙoƙarin mai da abin wasa, amma maganar da aka faɗa a gaban ƙungiya, a kan naman da ake rabo, ba a lashe ta. Gidansu kuma mun san su, ba sa cewa sun fasa.

Shi Tatsuji tun ranar shago bai ƙara kallon bindigar ba. In ta fito da ita sai ya zagaya bayan gida wajen tukwanen furanninsa. Ita kuma kunya ta hana ta gaya masa abin da ke faruwa a dutse. Matar Kamioka ce ta kai masa labarin, tare da kwanon kabeji mai gishiri don a rage laifin mijinta. Mutum ne da bai taɓa koyar da kowa da baki ba. Abin da ya sani a hannunsa yake, hannun kuma doka ta ɗaure.

Washegari da hantsi ya shigo rumfar kayan aikina yana dogarawa, fuskarsa da wani haske da na daɗe ban gani ba. Ya ce in ba shi ƙotar fartanya, da ƙusa biyu dogaye, da duk dalmar kamun kifi da nake da ita. Ban tambaye shi ba, na ɗauko. Ya zauna ya fere wani guntun katako ya yi gindi, ya kafa siririn falanki a sama mai faɗin bututu biyu, ya huda ƙotar ya cusa dalma. Ya ɗora a kan sikelin awon yuzu, ya ƙara, ya rage, har allurar ta tsaya inda yake so. Ya ɗora ta a kan yatsa ɗaya ya matsa dalmar gaba da baya har ta daidaita a wurin da bindigar ke karyewa in za a zuba harsashi. Daga ƙarshe ya lanƙwasa ƙusoshin, ya rufe ido ya auna tazarar da ke tsakaninsu da yatsansa, ya buga.

Wani hankaka ya gifta ta ƙofar rumfa. Ban ga lokacin da sandar ta hau kafaɗarsa ba, na dai ga tana bin hankakan, yatsa ya taɓa ƙusar gaba ya zame ta baya.

"Wannan dai ba wanda zai kama ni a kanta," ya ce, ya fita bai ɗauki kwagirinsa ba.

Gonar yuzu tasu a jikin tudu take, hawa-hawa. Tsohon ya zauna a hawa na sama da kwandon lemun da ya lalace, Chizuru ta tsaya a ƙasa da sanda a kwatangwalo. Ba ya cewa ga shi nan. Sai dai kawai lemo ya taso ta saman kanta, ita kuma ta kai sanda kafaɗa, ta taɓa ƙusar gaba, ta juya ta bi shi, ta taɓa ta baya. Bayan kowace jifa tambaya ɗaya yake yi, ina yatsa. In a kan ƙusar gaba yake, lemo na biyu a gadon bayanta yake sauka. Ranar farko rigarta ta koma rawaya.

Da yake sanda ce, yana iya karɓe ta daga hannunta ya nuna, ya mayar, ya ɗora hannunsa a kan nata. Ya ja hannunta na hagu gaba sosai, ya ce taɓaryarta ita ke jan ta saboda nauyi, wannan kuwa ita za ta ja ta, ta miƙa hannu kamar tana nuna wa baƙo hanya. Ya ce kada ta ɗora a kafaɗa tana jira, ta bari sai ido ya kama tsuntsu. Ya ce yatsa kada ya zauna a kan kunamar gaba kamar baƙon da ya ci ya ƙoshi ya ƙi tafiya. Na san shi fiye da shekara hamsin, ban taɓa jin ya yi magana mai yawa haka ba.

Da kafaɗarsa ta gaji ni na koma jifa. Labari ya zaga ƙauye. Tsofaffin mata da ke tace lemo a rumfar haɗin kai suka fara zuwa da shayinsu a gorar ɗumi, su zauna a gefen hawa suna amsawa, gaba, baya, gaba, baya, in ta yi daidai su tafa, in ta kuskure su ce a ƙara mata lemo. Rannan Kamioka ya tsai da motarsa a ƙasan gona ya leƙo.

"Tatsu-san, wannan sabuwar an yi mata izini kuwa?"

"Matso ka duba lambarta," in ji tsohon.

Ya matso. Lemon da tsohon ya jefa ya same shi a tsakiyar hula, matan suka kwashe da shewa, ɗaya ta ce ashe idon hagu kaɗai ne ya yi hazo.

Ƙusa ta yanke yatsan Chizuru, ta ɗaure ta ci gaba. Da sanda take shiga kicin, da ita take zuwa duba tarkon barewa. Amma dutse bai yi mata sauƙi ba. Dusar ƙanƙara ta sauka a saman kwaruruka, tsuntsaye suka yi wuya. Sau ɗaya wani ya gangaro mata, ta tsaya tana tunanin hannu da yatsa da kafaɗa har ya wuce, ko na farkon ba ta harba ba. Ta dawo ta gaya wa kakanta da bakinta wannan karon. Ya ce tunani a gona ake yinsa, a dutse ba a yi, ya ɗauko kwando.

Haka har ranar rufe farauta ta zo, tsakiyar Fabrairu. Da na kawo mota da sassafe na tarar da Tatsuji a ƙofar gida sanye da tsohon falmaran ɗinsa mai ruwan lemo, sandar nan a hammata. Chizuru ta fara maganar gwiwa. Ya ce akwai wani kwazazzabo da bai taɓa nuna wa kowa ba, kuma ba ya kwatantuwa da baki. A bakin gada muka iske Kamioka a tsaye, ba bindiga a hannunsa. Ya ce a matsayinsa na shugaba ya zo shaida. Tsohon ya ce ya hau baya tare da kare, in Tetsu ya yarda.

Muka bi hanyar masu saran itace har inda ta ƙare, muka jira rana ta leƙo, don ba a harbi kafin nan. Sannan muka fara hawa. Ni da Kamioka muka sa tsohon a tsakiya, kowa ya kama gefe, yana zaginmu da cewa ba mu iya tafiya ba. Chizuru tana gaba, bindiga a hannu ɗaya, ɗayan yana kama saiwoyi da duwatsu, tana hawa kamar ba ta ɗauke da komai. Kamioka yana haki ya ce da taɓaryarta ce da yanzu mun wuce ta tana zaune. Tsohon ya ce a rubuta ranar, Kamioka ya faɗi gaskiya.

Wurin wani lungu ne da ƙorama ta yi kwana, itatuwan sugi dogaye ta kowane gefe, sai wata 'yar kafa da sama ke leƙowa. Tatsuji ya nuna mata wani faffaɗan dutse a bakin ruwa ta tsaya. Mu ya zaunar da mu a ƙarƙashin wani falalen dutse a gefe, inda bakin bindiga ba zai biyo ba ko ta juya. Ta zuba harsashi biyu, ta rufe, ƙarar rufewar nan 'yar kaɗan, mai tsabta. Aka saki Tetsu.

Ƙararrawa ta hau, ta yi nisa, ta dawo, ta sake hawa. Sanyi ya shiga ƙafafuna amma ban ji shi ba. Sai ƙararrawar ta tsaya cak. Can sama fiffike ya yi rugugi kamar ƙaramar ganga, wani abu ya gangaro. Bindigar ta hau kafaɗar Chizuru, ta bi shi, ta bi shi, ya wuce, ba ta harba ba.

Kamioka ya dafe kai. Amma ni na ga abin da ta gani: launin ƙasa, guntuwar jela. Mace ce, mace kuwa ba a taɓa ta. Chizuru ta sauke bindigar, kafaɗunta suka zube, babban yatsanta ya kai ga maɓallin karya ta.

"Kada ki karya," in ji tsohon a hankali. "Maigidan yana sama."

Gaskiya ne, ƙararrawa ta sake tashi, tana hawa da sauri yanzu, Tetsu yana bin wanda ya gudu a ƙasa. Ta hau har muka kusa daina jin ta. Tatsuji ya miƙe a kan gwiwoyin nan da suka ƙi, ba wanda ya taimake shi, sandar a kwatangwalo, hannun hagu a miƙe. Na kai hannu zan riƙe shi, ya ture ni da kafaɗa bai ko dube ni ba.

Rugugin ya sake tashi, ya fi na farko kauri, sannan shiru, sannan wani irin fito na iska. Ya fito daga duhun sugi ja wur, hasken kafar nan ya kama shi kamar an hura garwashi, jela a miƙe a bayansa. Bindiga ta yi magana. Ɓawon itace ya tarwatse a bayan tsuntsun, ya wuce kanta ko gezau. Chizuru ta juya a kan dunduniya, bututun yana bin sa ta saman ƙorama, ya yi nisa, ya kusa kwana. A gefena sandar tsohon tana tafiya tare da nata kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, na ga yatsansa ya zame zuwa ƙusar baya.

Bakin hagu ya amsa.

Duk lokacin sanyin nan ba mu ji wannan muryar ba. Tsuntsun ya naɗe a sama, ya juya sau ɗaya, jelar ta yi kamar tuta, ya faɗa cikin ruwa can ƙasa. Gashinsa ja guda biyu ko uku suka tsaya a iska suna saukowa a hankali.

Kamioka ne ya fara ihu, ya cire hula yana dukan bayana da ita kamar ni na harba. Tetsu ya gangaro a guje ya wuce mu, ya faɗa ruwa, ya fito da tsuntsun a baki, ya tsaya yana dubawa tsakanin tsohon da jikarsa bai san wa zai kai wa ba. Daga ƙarshe ya ajiye a tsakiya. Chizuru tana tsaye a kan dutsen tana kallon yatsanta a kan kunamar baya, tana dariya ba sauti.

Ta karya bindigar, hayaƙi siriri ya fito daga baki biyun. Ta zaro kwanson hagu ta zo ta tsaya gaban kakanta. Ya jingina sandarsa da dutse, hannayensa suka koma baya kamar yadda suka saba, don bindigar tana rataye a hannunta kusa da ƙirjinsa. Ta miƙa masa kwanson. Wannan ba laifi ba ne a riƙe. Ya karɓa da ɗuminsa, ya kai hanci ya shaƙi warin albarushi, ya daɗe a haka.

"Na farkon kin yi sauri," ya ce.

"Na sani, Kaka."

"Ki goge ta kafin ki ci abinci. Ruwa ya fantsama mata."

Kamioka ya ɗaga tsuntsun ya auna jelar da hannunsa, ta wuce. Ya ce a matsayinsa na shugaba ya shaida, magana ta cika, kuma harsashin hagu ya fita daga ƙungiya tunda ya mutu a bakin aiki. Ya ce da mun sauka inda waya ke kamawa zai kira Nakahira da kansa, sai dai bai san me za a gaya wa mutumin Tokyo ba.

"A ce masa akwai sanda in yana so," in ji Tatsuji. "A'a, kada a ce. Ina da aiki da ita."

A ɗan ɗakin bautar Mai Dutse, abin bautar maharba, da ke bakin hanya muka tsaya, Chizuru ta cire gashin jela mafi tsawo ta soka a jikin ƙofar kamar yadda ake yi wa tsuntsun farko, Kamioka ya zuba giyar shinkafa a murfin gora ya ajiye. Tsohon bai fito ba, gwiwoyin sun fara karɓar hakkinsu. Yana zaune a gaban mota, sanda tsakanin ƙafafunsa, kwanso a aljihun ƙirji, yana lissafa mini wanda za a kira cin romon tsuntsun da taliyar soba da wanda ba za a kira ba. Sunan Kamioka ya shiga ya fita sau da yawa kafin mu kai gada.